Komawa Tushe: Zumunci da Abota a Tsofaffin Ƙauyukan Haƙar Kwal na Ƙasar Enugu

1.0 Gabatarwa

Duk garin da ya tsiro a kan ma'adini yana tare da wata ƙaddara: ranar da ma'adinin ya ƙare, ko kasuwarsa ta mutu, sai jama'ar da ya tara su watse. Abin da kan rage shi ne ramuka da tsofaffin gidaje, da kuma mutanen da suka san juna a wani zamani, suna neman hanyar sake saduwa. Wannan maƙala ta ɗauki misalin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Enugu, watau Ngwo da Eke da Abor da Nsude da Udi da maƙwabtansu, waɗanda suka riƙa bai wa masana'antar kwal ta gwamnati ma'aikata har na tsawon kusan shekara 90. Manufar ita ce a bi diddigin yadda aikin kwal ya ƙulla dangantaka tsakanin mutane, da yadda mutuwar aikin ta sassauta ta, da kuma hanyoyin da tsofaffin ma'aikata da zuriyarsu suke bi domin su gano abokai da dangi.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ma'aikacin kwal na Enugu ya rayu ne da igiya biyu a hannunsa. Ta farko ita ce ta jini, wadda ta ɗaure shi da ƙauyensu. Ta biyu ita ce ta aiki, wadda ta ɗaure shi da abokan rami da maƙwabtan bariki. Da masana'antar ta durƙushe, igiyar jini ta sami al'adun da ke sabunta ta kowace shekara, ita kuwa igiyar aiki ta rasa maɗauri. Saboda haka mai neman tsohon aboki a yau sai ya bi ta ƙauyen abokin, mai neman tarihin kakansa kuma sai ya bi ta bakin abokan kakan. Domin kauce wa ruɗani, za a yi amfani da kalmar "rami" a nufi wurin haƙa, da "'yan kwal" a nufi ma'aikatan, tunda kalmar "mahaƙa" tana ɗauke da ma'anonin biyu a Hausa.

2.0 Kafuwar Masana'antar Kwal

A shekarar 1909 ne wani masanin ma'adinai mai suna Albert Kitson, wanda ke cikin ayarin binciken ma'adinai na Kudancin Nijeriya, ya gano kwal a tsaunukan Udi. A wancan zamani jiragen ƙasa da na ruwa da kwal suke tafiya, kuma daga Birtaniya ake shigo da shi. Don haka gwamnatin mulkin mallaka ba ta yi wata-wata ba. Ta kafa tashar jiragen ruwa a bakin kogin Bonny, aka raɗa mata sunan Lewis Harcourt, Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, a shekarar 1913. Ita ce Hausawa suke kira Fatakwal. Daga can aka shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 243, ya iso gindin tsaunukan a 1916. An buɗe ramin Udi a 1915, na Iva Valley kuma a 1917. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa aikin gaggawa, saboda ƙarancin jiragen dakon kwal daga Turai.

Filin da aka yi wannan aiki na mutanen Ngwo ne da maƙwabtansu, kuma Turawa sun karɓe shi ta hanyar yarjejeniyoyin 1915 da 1917. Sunan birnin kansa daga ɗaya daga cikin ƙauyukan Ngwo aka aro shi, watau Enugwu Ngwo, wanda ke nufin "saman tsauni" a harshen Igbo. An ba wurin matsayin gari a 1917, aka yanke kalmar Ngwo daga sunan a 1928. Wannan yankewa tana da ma'ana a tarihi, domin daga nan ne aka bambanta garin baƙi da ke gindin tsauni da ƙauyen da ya ba shi suna.

Da farko mutane ba su zo aikin da son ransu ba. Turawa sun dogara ne ga sarakunan da suka naɗa da takarda, su kuma suka riƙa tilasta wa talakawa shiga rami. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Onyeama na Eke, wanda ya rasu a 1933. Sannu a hankali, da biyan haraji ya zama dole, kuma ƙasar noma ta tsaunukan Udi ta ƙara zaizayewa, sai aikin da ake gudu ya zama abin nema.

Layin dogon bai tsaya a Enugu ba. Ya isa Makurɗi a 1924, ya haɗu da layin Arewa ta Kafancan a 1927, aka kammala gadar kogin Binuwai a 1932. Ta wannan hanya kwal ya riƙa tafiya Arewa, shanu da fatake kuma suna gangarowa Kudu.

3.0 Ƙauye da Bariki

3.1 'Yan Ƙasa

Masana da suka yi nazarin wannan masana'anta, irin su Agwu Akpala da David Smock da Carolyn Brown, sun nuna cewa babban kaso na masu shiga rami 'yan ƙauyukan yankin ne, daga ƙasar Agbaja da Ngwo da Nkanu. Da yawansu ba su taɓa barin gida ba. Mutum kan tashi da asuba, ya gangaro tsauni da ƙafa, ya yi aikinsa, ya koma ya kwana a cikin danginsa. Gonar doyarsa tana nan, matarsa tana noman rogo da gwaza, albashin kwal kuwa shi ne na biyan haraji da sadaki da kuɗin makarantar yara da rufin kwano. Wanda ya tara abin hannu sai ya sayi sarautar gargajiya ta ozo, ya sami bakin magana a taron gari. A ƙasar Nkanu, inda ake da zuriyar bayi da ake kira ohu, albashin ya ba wasunsu ƙarfin neman 'yancin da aka daɗe ana hana su. Haka kuma 'yan kwal sun kasance a sahun gaba wajen tara kuɗin gina makarantu da majami'u da hanyoyi a ƙauyukansu. Igbo suna da kalma kan wannan, aku ruo ulo, watau dukiya sai ta isa gida take amsa sunanta.

A nan ya kamata a lura da bambancin wannan tsari da na ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, inda ake kwaso ma'aikata daga nesa a killace su a gidajen gwauraye har tsawon watanni. Ɗan kwal na Udi bai zama ɗan bariki irin wanda Bahaushe ya sani ba, wanda ya bar gida gida ya bar shi. Ƙafarsa ɗaya tana rami, ɗaya tana ƙauye.

3.2 Baƙi

Kashi na biyu su ne waɗanda suka zo daga nesa: daga ƙasar Owerri da Awka da Onitsha, da kuma akawuna da masu sana'ar hannu daga ƙasar Yarabawa da Kalaba da Saliyo. Su ne suka cika barikokin ma'aikata. Mazaunin farko shi ne Ugwu Alfred, wanda ya ci sunan Alfred Inoma, wani shugaban leburori daga Onitsha. Sai Ogbete, wadda aka fi sani da Coal Camp, sai barikokin Iva Valley. A irin waɗannan wurare iyali guda kan zauna a ɗaki ɗaya ko biyu, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, yara suna tashi tare ba tare da la'akari da garin iyayensu ba. Domin kada su ɓace a baƙon wuri, baƙin sun kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda ke karɓar sabon zuwa, su nema masa aiki, su sasanta rigima, in ya rasu kuma su kai gawarsa gida.

A cikin baƙin akwai 'yan Arewa. Harkarsu ta fi karkata ga fataucin shanu da fawa da ƙananan kasuwanci, kuma albashin 'yan kwal da na ma'aikatan reluwe shi ne ke juya kasuwarsu. Zaman ya yi zurfin da a shekarar 1956, lokacin da Enugu ta sami matsayin birni mai magajin gari, Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato kuma ɗan jam'iyyar NCNC, shi ne ya fara riƙe wannan muƙami.

3.3 Abotar Rami

Ramukan Enugu ana kutsawa ne cikin cikin tsauni daga gefe. A ciki akwai masu saran kwal da diga, da masu loda shi da shebur su tura kurar ƙarfe a kan dogo, da masu kafa gumagumai su tokare rufi, da masu shimfiɗa dogon. Ga zafi, ga ruwa yana tsattsafowa, ga duhu sai hasken fitila. Aikin kowa ya rataya a kan na ɗan'uwansa: in mai tokare rufi ya yi sakaci, mai sara ne zai mutu, in mai tura kura ya yi nawa, abin da mai sara zai samu ya ragu. Irin wannan zama yakan haifar da amanar da ta wuce ta maƙwabtaka. Mutumin Ngwo da mutumin Owerri, waɗanda karin harshensu ya sha bamban har sukan yi wa juna ba'a a kai, sai ga su suna cin abinci a kwano ɗaya, wannan ya tsaya wa ɗan wannan a wurin baftisma. Karin maganar Igbo da ke cewa nwanne di na mba, watau akwai ɗan'uwa a baƙuwar ƙasa, ta sami gurbi a nan.

4.0 Waƙi'ar Iva Valley

Ranar da ta fi kowace haɗa waɗannan igiyoyi biyu ita ce 18 ga Nuwamba, 1949. Tushen rikicin shi ne tsarin ɗaukar aiki, inda sunayen da ke cikin rajista suka fi guraben aiki yawa. Mutum kan yi tafiyar mil da dama ya iso bakin rami a ce masa yau babu aiki, kuma babu biya. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan kwal, wadda Okwudili Ojiyi ke yi wa sakatare, ta nemi a biya bashin da ma'aikata suka yi imani suna bi. Tunda doka ta tsaurara sharuɗɗan yajin aiki, sai suka ɗauki dabarar jan ƙafa, wadda suka kira welu nwayo, watau yi a hankali. Hukuma ta sallami masu sara, su kuma suka zauna a cikin rami suka ƙi fita. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyoyin fasa dutse su faɗa hannun matasa masu ra'ayin Zik, sai ta tura 'yan sanda su kwashe su. A bakin ma'ajiyar nakiya ta Iva Valley, wani babban jami'in 'yan sanda Bature mai suna F. S. Philip ya ba da umarnin buɗe wuta. Aka kashe ma'aikata 21, aka raunata 51.

Labarin ya tayar da tarzoma a Aba da Fatakwal da Onitsha da Kalaba. 'Yan siyasar da ba sa ga-maciji suka haɗu a wani kwamitin gaggawa na ƙasa. Gwamna John Macpherson ya naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin W. J. Fitzgerald, wadda ta ba da rahotonta a 1950. Hubert Ogunde ya tsara wasan kwaikwayo a kan waƙi'ar mai suna Bread and Bullet, wanda hukuma ta hana nunawa a Kano. A wannan shekara ta 1950 aka kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya.

Littattafan tarihi sun fi mayar da hankali ga tasirin wannan rana a kan fafutikar neman mulkin kai. Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne, jerin mamatan ya haɗa 'yan ƙauyukan Udi da baƙi daga ƙasar Owerri. Makoki ɗaya ya shiga gidaje masu nisa da juna, kuma har yau akwai iyalai a garuruwa daban-daban waɗanda babu abin da ya haɗa su sai wannan rana.

5.0 Durƙushewa da Watsewa

Masana'antar ta kai ƙololuwarta a wajen 1958 zuwa 1959, lokacin da take da ma'aikata kimanin 8,000, tana fitar da fiye da tan 900,000 a shekara. Manyan masu saye su ne hukumar reluwe, da tashar lantarki ta Oji River, da masana'antar siminti ta Nkalagu, da kuma ƙasar Gana. To amma tun kafin a kai ƙololuwar, abin da zai kashe kasuwar ya riga ya bayyana. An sami man fetur a Oloibiri a 1956. Reluwe ta fara sauya kawunan jirage masu cin kwal da masu shan dizal. Lantarki ya koma ga gas da ruwa, musamman bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Tun wajen 1960 aka shiga rage ma'aikata.

Sai rikicin 1966 da yaƙin basasa suka biyo baya. A ƙarshen 1966 gwamnatin soja ta Jihar Gabas ta umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice, 'yan Arewa mazauna Enugu suka bar gidaje da maƙwabtan shekara da shekaru, a daidai lokacin da dubban Igbo ke kwararowa gida daga Arewa bayan kashe-kashen wannan shekara. Sojojin tarayya sun kama Enugu a farkon Oktoba, 1967, barikoki suka zama kufai, ruwa ya cika ramuka. Gwamnatin tarayya kuwa ta buɗe wurin haƙa a Okaba, cikin ƙasar Igala. Da aka gama yaƙin a Janairun 1970, waɗanda suka tsira suka dawo suna tambayar juna wa ya rayu, wa ya mutu. Wannan shi ne karo na farko da 'yan kwal suka shiga neman junansu.

An sake buɗe ramukan, amma ba su koma yadda suke ba. Yunƙurin sanya injuna na zamani da aka yi tare da kamfanin Kopex na ƙasar Folan a ƙarshen shekarun 1970 bai yi nasara ba. A 1999 Hukumar Kwal ta rasa ikon da take da shi ita kaɗai a kan haƙar kwal, kuma a farkon shekarun 2000 aiki ya tsaya a ramukanta na Enugu. Daga nan aka shiga batun sayar da kadarorinta, da doguwar jayayya a kan gidajen ma'aikata da haƙƙoƙin sallama. Wannan watsewa ta biyu ta bambanta da ta yaƙi, domin a hankali ta zo. Babu ranar da za a ce ita ce ta rabuwa. Wannan ya koma ƙauye, wancan ya bi ɗansa Legas ko Abuja ko Kano, wani ya rasu ba a ji ba sai bayan shekara.

6.0 Hanyoyin Komawa

6.1 Ta Hanyar Ƙauye

Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma al'adar Igbo ta tanadi lokutan da ƙafar za ta taka gida. Na farko shi ne ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti, sa'ad da garuruwa ke cika da 'ya'yansu daga ko'ina, a yi taron gari da ɗaurin aure da sasanta rigingimun gado. Na biyu shi ne taron watan Agusta na matan aure. Na uku shi ne bikin sabuwar doya. A Ngwo da wasu ƙauyukan arewacin Udi akwai kuma bikin dodon Odo, wanda a gargajiyance ake ɗauka a matsayin ziyarar magabata ga rayayyu, kuma yakan jawo na nesa su dawo. Fiye da duka akwai jana'iza. Tunda al'ada ta tanadi a binne namiji a ƙasar mahaifinsa, kuma akan ɗauki makonni ana shiri da sanarwa, jana'izar tsohon ɗan kwal takan zama mahaɗar abokan aikinsa da suka rage.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne umunna, watau 'yan'uwa ta wajen uba, tare da umuada, 'ya'ya mata na gidan da suka yi aure a wasu wurare. Jikan ɗan kwal da aka haifa a Kaduna ko Landan, in dai ya san sunan ƙauyen kakansa da na zuriyarsu, to ya sami bakin zare. Za a nuna masa filin gidansu da kabarin kakansa, a jera masa sunayen iyaye. Sai dai akwai iyakar abin da ƙauye ke iya faɗa masa. Dangi sun san kakan a matsayin ɗan wane, mijin wance, wanda ya fara rufin kwano a unguwa. Yadda ya yi shekara talatin a ƙarƙashin tsauni, wanda ya ja shi waje ranar da rufi ya rufta, laƙabin da ake kiransa da shi, duk wannan yana bakin abokan aiki ne.

6.2 Ta Hanyar Aiki

Abotar rami ba ta da ranar taro a kalandar gargajiya. Wuraren da suka rage mata kaɗan ne: layin tantance 'yan fansho, da tarukan neman haƙƙin sallama, da majami'un tsofaffin barikoki, da taron tunawa da ranar 18 ga Nuwamba, wadda aka kafa wa gunkin tunawa a cikin birnin Enugu. Coal Camp kuwa ta zama cibiyar masu sayar da kayan gyaran mota da maƙera da makanikai. Wanda ya tashi a can, ya dawo bayan shekara arba'in, zai tarar da titin yana nan da sunansa, amma da wuya ya sami wanda ya san mahaifinsa.

A nan ne hanyoyin biyu ke haɗuwa. A ƙasar Igbo ba a gama sanin mutum sai an san garinsu, don haka ɗan kwal kan riƙe sunan abokinsa tare da sunan ƙauyen abokin. Wannan ɗabi'a ita ce ke ceton abota a yau. Adireshin bariki ya mutu, lambar aiki ta zama tarihi, amma ƙauye yana nan inda yake, kuma ƙungiyar 'yan garin tana da reshe a kowane babban birni. Wayar hannu da zaurukan Facebook da WhatsApp sun rage tsawon tafiyar, amma tambayar farko ba ta sauya ba: ɗan wane gari ne?

Waɗanda suka fi shan wuya su ne zuriyar baƙin da ba su da ƙauye a yankin. Bahaushen da aka haifa a Enugu kafin 1966, ya tashi da Igbo a bakinsa, yana iya neman abokin ƙuruciyarsa ta hanyar garin abokin. Shi kuwa abokin, in ya tashi neman Bahaushen, abin da ke hannunsa sau da yawa suna ne guda ɗaya, irin su Musa ko Garba, da kalmar "Awusa". Mafitarsa ita ce masallaci, ko fadar Sarkin Hausawa, ko dattawan kasuwar shanu.

6.3 Wani Misali Daga Ingila

Kwatanci da gundumar Durham ta arewa maso gabashin Ingila zai ƙara haske. A can ƙauyen da ramin abu ɗaya ne, domin ramin ne ya haifi ƙauyen. An rufe ramukan ƙarshe na gundumar a 1993, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya kuma, watau Kellingley, a 2015. Duk da haka babban taron 'yan kwal na Durham, wanda aka fara a 1871, yana ci gaba a kowane watan Yuli, inda kowane tsohon ƙauye ke fitowa da tutarsa da 'yan badujala. Watau a Durham igiyar aiki ce ta sami ranar taro, har ta zama hanyar da dangi ke bi su sadu. A Enugu kuwa ƙauye ya girmi rami da ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ya rayu bayansa, kuma shi ke ɗauke da nauyin abotar da ramin ya bari.

7.0 Sunaye da Kalmomi

Ga manazarcin harshe, wannan tarihi ya bar taska iri uku. Ta farko ita ce sunayen wurare. Ramukan Onyeama da Okpara da Ribadu suna ɗauke da sunayen sarkin Eke, da Dokta Michael Okpara, Firimiyan Jihar Gabas, da Alhaji Muhammadu Ribaɗu, wanda ya riƙe ma'aikatar ma'adinai ta tarayya a shekarun 1950. Sunan unguwar Abakpa Nike ya ƙunshi kalmar da Igala da Idoma ke kiran Bahaushe da ita, wadda ake samu a sunayen unguwanni da kasuwanni a Ogoja da Abakaliki. Jihar Enugu da aka ƙirƙiro a 1991 tana yi wa kanta kirari da jihar birnin kwal, alhali yawancin matasanta ba su taɓa ganin bakin rami ba.

Ta biyu ita ce sunayen mutane. Ma'aikaci ɗaya kan kasance da sunan yanka na Igbo, da sunan baftisma, da laƙabin rami, da kuma sunan da akawu ya rubuta a rajista da irin rubutun da kunnensa ya jiye masa. Mai binciken asalinsa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Enugu, inda takardun masana'antar suke, sai ya iya daidaita waɗannan sunaye kafin ya tabbatar da cewa kakansa ne ya gano.

Ta uku ita ce harshen aikin kansa: kalmomin Ingilishi na sana'ar da suka shiga bakin Igbo suka sauya kama, da kalmomin gargaɗi, da waƙoƙin tura kura, da ba'ar da ke tsakanin masu karin harshe daban-daban. A Durham an tattara irin wannan harshe, wanda ake kira Pitmatic, har kalmarsu ta abokin rami, marra, ta zama sunan da magoya bayan taronsu ke amsawa. Na Enugu yana cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma ba a gadonsa, domin ɗa ba ya koyon kalmar aikin da ba zai yi ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda kwal ya tara 'yan ƙasa da baƙi a gindin tsaunukan Udi tun daga 1915, da yadda dizal da fetur da yaƙi suka watsa su. An kuma ga cewa zumuncin jini ya sami hanyoyin sabunta kansa, abotar aiki kuwa ta jingina da shi. Abin da ya rage shi ne batun lokaci. Saurayin da ya shiga rami yana ɗan shekara 20 a 1958 an haife shi ne a 1938, kuma sa'o'insa kaɗan ne suka rage. Waɗanda suka yi aiki bayan yaƙi su ma sun manyanta. Ya dace sassan nazarin harsunan Nijeriya da na tarihi, musamman na jami'o'in da ke kusa, su tura ɗalibai ƙauyukan nan a lokutan da jama'a ke taruwa, su naɗi hira da harshen masu magana, su rubuta kalmomin aiki, su tambayi kowane dattijo sunayen abokan aikinsa da garuruwansu. Haka kuma ya dace a yi irin wannan aiki a tsakanin iyalan Arewa da suka zauna a Enugu kafin 1966, da kuma a barikokin kuza na ƙasar Jos, inda ma'adini ya tara jama'a ya kuma sallame su. Jerin sunayen da za a samu zai amfani mai nazari, zai kuma amfani jikan da zai zo wata rana yana tambayar wanda ya san kakansa.